Canjaras a tsakiyar tafki

A tsakiyar tafki kwale-kwalenmu ya haɗu da na abokan karawarmu. Mu za mu garinsu, su za su namu.

Lokacin ina malamin wasanni a Wara, ba a daɗe da ƙirƙiro jihar Kebbi ba. Wani jami'i ya sake raba rukunonin ƙwallon makarantu, ya haɗa mu da makarantar tsallake, bai faɗi mai masaukin baƙi ba.

Da muka dawo ba a buga wasan ba, na kai kuka ofishinsa. Ya shimfiɗa taswira ya ce, "Malam, yatsa biyu ne tsakaninku!"

Na ce, "Yallaɓai, wanga shuɗin ruwa ne."

Ya ce, "Kun dai haɗu ko?" Ya rubuta canjaras.

Makin nan kaɗai muka samu a shekarar. Ku fa, wace kwaɓa aka taɓa yi muku daga ofis?