Fim ɗin da Yaya Rabi Ba Ta Gani Ba

Shekara bakwai ke nan, a wannan wata na Disamba, da muka kai yayata Rabi'atu makwancinta a wata maƙabarta da ke bayan Landan. Ranar ƙasa ta jiƙe sharkaf, sanyi yana cin yatsu. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yi mata sadaka da addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana kuwa sai na yi magana, kuma abin da ya buɗe mini baki, in na faɗa wasu za su yi dariya. Fim ne. Fim ɗin ma ba na tarihi ko na wa'azi ba, irin na ban tsoron nan ne da wani mai rufe fuska yake bin mutane da wuƙa.

Yaya Rabi nas ce. Ta fi shekara ashirin tana aiki a babban asibitin koyarwa da ke Camberwell. Mijinta ya rasu 'yarsu Safiya tana ƙarama, ita kaɗai ta raine ta a wani flat na council, wato gidan hayar ƙaramar hukuma, a unguwar Catford, hawa na uku. Ni ma a falonta na yi wata takwas ina kwana a kan kujera lokacin da na zo karatu daga Zariya. Mace ce mai azumin Litinin da Alhamis, wadda ba ta son hayaniya, amma tana da wata ɗabi'a da har ta koma ga Allah ban gane kanta ba: son fim ɗin ban tsoro.

Wanda bai zauna a garin nan ba, ba zai san yadda yake mutuwa murus ranar Kirsimeti ba. Ba bas, ba jirgin ƙasa, kantuna duk a rufe. Mu da ba bikinmu ba ne sai zaman gida. In ba ta da aiki ranar, tun hantsi take ɗora tuwon shinkafa da miyar taushe, da kabewar da ta sayo a kasuwar Woolwich. Da mun yi azahar mun ci mun ƙoshi, sai ta ɗauko wani tsohon kaset. Labarin 'yan mata biyar ne masu aiki a wani babban kanti, dusar ƙanƙara ta rufe su a ciki ranar jajibirin Kirsimeti, wani mugu yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ta haddace fim ɗin kamar karatun allo, amma duk shekara sai ta yi faɗa da 'yan matan kamar yau ta fara ganinsu.

"Ke, ga tukunyar kashe gobara a bayanki, ki maka masa mana! Ku biyar ne, shi ɗaya tal, wa ya ce ku rarrabu?"

In aka nuna jini kuma sai ta yi tsaki ta ce wannan zoɓo ne, ita ta san jini. Safiya takan ɓuya a bayan matashin kujera tana leƙe, rabi tsoro rabi dariya.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ji daɗin rubuta shi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Safiya tana da shekara goma sha tara, a shekararta ta farko a jami'a, wani saurayi ya maƙale mata. Ɗan wani aminina ne, wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci. Ta ce masa ba ta so, bai ji ba. Saƙo yake turo mata ba dare ba rana, in ta rufe wannan lamba ya ɓullo da wata. Ya san bas ɗin da take hawa. Ya san ranakun da uwarta take wuni a asibiti. Ana nan wata rana da rana tsaka ta dawo gida, ta same shi zaune a matakalar benensu. Ya riƙe mata hannu, ya haɗa ta da bango, har sai da wata maƙwabciya ta buɗe ƙofa sannan ya sake ta.

Yaya ta kira ni, ni ne namijin gidan. Na je na tarar da yarinyar tana zaune, shaidar yatsu a tsintsiyar hannunta. Ga abin da na faɗa, kuma a gabanta na faɗe shi: yaro ne, so ne ya yi masa yawa, ƙila ma ba ta fahimce shi ba ne. Na ce a rufa wa juna asiri, mu 'yan kaɗan ne a ƙasar mutane, kada a ce Hausawa sun kai ɗan'uwansu wurin 'yan sanda. Na ce zan yi wa ubansa magana, a kashe wutar a cikin gida.

Yaya Rabi ta dube ni, ba ta ɗaga murya ba.

"Sani, ni nake ɗinke matan da aka ce musu so ne. Tashi ka tafi gidanka."

Washegari ta ɗauki hutu a wurin aiki, ta kama hannun 'yarta suka je ofishin 'yan sanda. Maganar ta kai kotu, aka hana yaron kusantar Safiya ko unguwarsu. Jama'armu suka yi ta tsegumi. Wasu mata suka daina gayyatar Yaya suna da biki. Ni kuwa na ɗauki fushi, ina ganin ta zubar mini da mutunci a idon aminina. Mun yi wata bakwai gaisuwa kawai ke haɗa mu. Muna cikin haka aka gano tana da ciwon daji, kuma ya riga ya yi nisa. Na yi jinyarta, na kai ta asibiti na dawo da ita ba adadi, mun yi hirar Zariya da ta iyayenmu, amma waccan magana ban taɓa ɗauko ta ba. Kullum sai in ce sai ta ɗan ji sauƙi. Da-na-sani ƙeya ce.

Bayan rasuwar, Safiya ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Takan zo gaisuwar Sallah, ta durƙusa, ta tambayi iyali, ta ci abinci kaɗan, ta tafi. Ta gama karatu, ta kama aiki, ban ji daga bakinta ba sai daga bakin matata. Shekara bakwai muna haka. Na san abin da ke tsakaninmu, ita ma ta sani.

Makon jiya sai ga wayarta. Hausarta irin ta 'ya'yan da aka haifa a nan ce, tana ji sarai, amma in za ta amsa sai ta gauraya.

"Kawu, an sake yin fim ɗin Mama. Na yi booking, kujera biyu, ranar Asabar bayan azahar. Za ka zo?"

Na riga na ji ana cece-kuce a kan fim ɗin. Wani abokin aikina Bature ya ce an lalata masa fim ɗin ƙuruciyarsa, an mayar da shi lacca a kan 'yancin mata. Na raya a raina cewa yarinyar nan ta shirya zaunar da ni ne a gaban alƙali. Na ce mata zan zo, domin wanda ya san ya yi laifi ba ya zaɓen inda za a yi masa shari'a.

Gidan sinimar ya cika, yawanci 'yan mata ne rukuni-rukuni, ga samari jefi-jefi, ga 'yan dattawa irina da suka san tsohon fim ɗin. Labarin yana nan yadda yake, kanti da dusar ƙanƙara da mai wuƙa, amma an canza masa zuciya. A sabon, tun kafin a fara kisa ɗaya daga cikin 'yan matan ta je ta gaya wa manajan kantin cewa wani yana bin ta. Manajan ba mugu ba ne. Dattijo ne mai fara'a, har shayi ya haɗa mata. Ya saurare ta tsaf, sannan ya tambaye ta ko ta tabbata ba ta yi wa mutumin mummunar fahimta ba, ya ce kada a ɓata wa kowa suna ana cikin hidimar biki.

Wurin nan ne ɗakin ya yi tsit. Duk inda aka nuna wuƙa, ihu ake yi ana dariya ana zubar da gugguru. A nan kuwa ko tari babu. Wata yarinya a layin gabanmu, ita kaɗai ta zo, na ga tana kuka. Ban iya juyawa na dubi Safiya ba.

Da fim ya yi nisa, 'yan matan suka ƙi rarrabuwa, suka haɗa kai suka juyo kan mai wuƙar, sai ɗakin ya ɓarke. Tafi, shewa, wata ma ta miƙe tsaye. Wasu samari biyu suka tashi suka fice, ɗaya yana faɗa da ƙarfi cewa shi tsoro ya biya ya gani, ba zagin maza ba. Wata daga baya ta ce masa ya gaida gida, aka kwashe da dariya. Wani dattijo kusa da ni yana ta gunaguni cewa na da ya fi, matarsa tana zungurinsa da gwiwar hannu. Kowa da abin da ya shigo da shi, shi ya gani a allon.

Tun ranar nake tambayar kaina, da Yaya Rabi tana nan, me za ta ce? Na san ba za ta yabi fim ɗin duka ba. Za ta ce surutu ya yi yawa, tsoro ya yi kaɗan, kuma ba a bar wa mai kallo komai ya gano da kansa ba. A nan ma za ta iya goyon bayan dattijon nan mai gunaguni. Samarin da suka fita kuwa ba za ta zage su ba, za ta ce a bar su, wanda magana ta tsikara shi ya san inda ta taɓa. Amma ina jin abin da zai fi ɗaukar hankalinta ba allon ba ne. Ɗakin ne. A zamaninta ita kaɗai take faɗa a falo, maƙwabta suna buga bango. Da ta yi faɗan gaske kuma ita kaɗai ta yi shi, ƙanenta ma bai tsaya mata ba. Yau ga ɗaki cike da 'ya'yan mutane, farare da baƙaƙe, masu ɗankwali da marasa shi, duk sun gane wannan manaja tun kafin ya rufe baki. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, haka aka ce tun da. Abin da ya canza shi ne yanzu a fili ake faɗarsa.

Da aka kunna fitilu, Safiya ba ta nufi ƙofa ba. Ta zagaya wurin yarinyar da ke kuka, ta tsuguna, ta miƙa mata tishu. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ga sun yi musayar lamba, kuma sai da ta raka ta har tashar bas ina biye da su daga nesa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Muka shiga wani ɗan shagon shayi. Na riƙe kofi har ya fara hucewa, sannan na ce, "Safiya, manajan nan ni ne. Abin da na faɗa ranar nan ban kyauta ba. Ban nemi gafarar uwarki ba har ta tafi. Ke ki yafe mini."

Ta ajiye cokali ta ce:

"Na ji zafi, Kawu. Ya fi na hannun zafi. Amma ba don wannan na kira ka ba. Na so in kalla da wanda ya san Mama a gaban talabijin, kuma kai kaɗai ka rage." Ta ɗan yi murmushi. "A asibiti ta ce mini, kawunki zai gane, jinkiri ne da shi kamar bas ɗin Lahadi. Ta ce in ya zo kada ki rufe masa ƙofa."

Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba. Wani dutse da na yi shekara bakwai ina ɗauke da shi a ƙirji na ji an sauke shi. Ashe ta yafe tun tana da rai, ni ne na tsaya ina jin tsoron tambaya.

Yaya Rabi ba ta bar gadon gida ba, council ta karɓi flat ɗinta wata biyu da rasuwarta. Ba a sa wa wani ɗakin asibiti sunanta ba. Abin da ta bari shi ne 'ya da take tafiya a titi kanta a ɗage, wadda ta san cewa ranar da ta faɗi abin da ya same ta an yarda da ita nan take, ba a ce ta kawo shaida ba. Na daɗe ina ɗaukar wannan ƙaramin abu. Yanzu na san da shi ake tayar da mutum tsaye.

Da na koma gida na kira 'yata Amira, shekararta goma sha biyar. Na zaunar da ita, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce mata duk ranar da wani ya tsare ta ko ya dame ta, ko ɗan waye, ta zo ta gaya mini, zan yarda da ita. Ta dube ni kamar na kawo mata labarin bara.

"Na sani, Baba. Anti Safiya ta gaya mini tun ina shekara goma sha biyu. Ta ce in fara zuwa wurinka, in ba ka dama."

Ashe duk shekarun da nake zaton an rufe ni a waje, an ajiye mini wuri.

Allah Ya jiƙan Yaya Rabi, Ya haskaka kabarinta, Ya sa aljanna ce makomarta. Mu da muka yi saura, Allah Ya ba mu kunnen ji tun kafin a nuna mana rauni.