Garin Baffa a Takardar Mai Tsire

Shekarun da kuɗin fetur suka fara ratsa Gombe, kowa so yake ya ga sunansa a jikin wani abu. Makarantu na son rigunan wasa, matan zumunta na son ɗankwali iri ɗaya, 'yan kwangilar da jiya-jiya suke tura keke na son ƙaton allo a ƙofar shago. Ni ke buga musu. Ɗaki ɗaya gare ni a unguwar Dawaki, nan nake aiki, nan nake kwana. Daga duwatsun kudu na zo, Hausata ma tana ɗingishi, ba ni da kowa a garin. Mutane su kawo aiki, su karɓa, su tafi, ba mai zama.

Aikin ba wuya a ido. Yadin siliki ne a ɗame jikin katako, ka toshe inda ba ka son fenti ya ratsa, ka zuba fentin, ka ja da roba. Ja ɗaya ne, in ya ɓaci ya ɓaci. Shi ya sa kafin ka taɓa rigar mutane sai ka yi gwaji a kan abin banza: takardar buhun siminti, kwalin sabulu, duk abin da ka tsinta.

Wata rana na sayi tsire, na buɗe, sai ga kogi da duwatsu a ƙarƙashin naman. Ashe tsofaffin taswirori ne na zamanin Turawa, wani ofis ya share ya zubar, mai tsire ya kwashe. Na rubuta masa allo, ya ba ni damin duka. Da farko gwaji nake yi a kansu. Daga baya na ga sun fi rigunan kyau, sai na koma ran Lahadi bayan coci ina buga abin da raina yake so: balbela, mace da tulu, shanu a jere. Ba mai saye, ni ma ban yi talla ba. A bango nake kafa su don ɗakin ya rage shiru.

Su suka jawo mini Baffa. Wani tsohon Bafulatani ne, mai gadin siton auduga. Ya leƙo, ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "Mai fenti, an ce duk garuruwan duniya suna cikin takardun nan. Duba mini namu."

Ya faɗi sunan, ban taɓa jin sa ba. Tun yana saurayi ya baro ƙauyen. An ce masa mutanen sun watse, a tasha kuma ba direban da ya san sunan, har yaran mota suna yi masa dariya.

Daga nan kullum da la'asar sai ya zo ya zauna a benci, ya kawo goro, ni in shimfiɗa taswira ina karanto masa sunaye. Bai iya boko ba amma ya iya gardama. "Ba haka ake faɗa ba. Kai da Baturen da ya rubuta duk jirgi ɗaya ya kwaso ku." In ce, "To Baffa, karɓi ka karanta." Ya yi dariya har da tari. A duk Gombe shi kaɗai ne yake tambaya ko na ci abinci.

Ran da na gano garin, ni kaɗai ne. Na riga na ɗora silikin shanu, na zuba baƙin fenti, na ɗaga katakon don in gyara zaman takardar, sai ga sunan, ƙanƙane, a gefen wani rafi, daidai inda cikin saniya zai sauka. Abin nema ya samu, amma ban yi murna ba. Na san abin da ke kawo Baffa bencina, kuma ga shi ya ƙare. Roba tana hannuna. Ja ɗaya, fenti ya binne sunan, ba wanda zai sani.

Na ajiye robar. Na yanko 'yar takarda kamar girman babban yatsa, na rufe sunan da ita, sannan na ja. Da na ɗaga, 'yar takardar ta manne a silikin, saniya ta fito baƙa wuluk da wata 'yar taga a cikinta, sunan yana leƙowa.

Da ya zo na ɗora yatsansa a wurin. Ya sa na karanta, na sake karantawa, bai gyara mini ba. Sannan ya ce, "Ashe yana nan."

Na ce, "Baffa, takardar nan ta girme ni. An zana ta tun kafin mutanenku su tashi. Ba ta ce akwai kowa a can yanzu ba."

"Ɗana, gwamnati za ta rubuta abin da babu ne? Ga rafinmu ma." Ya naɗe ta a hankali, ya cusa a aljihun gaba. Ya yi mini godiya da Fulatanci: "Useko. Allah ya yi maka albarka."

Na yi ta bayani har na fara jin haushinsa, shi kuwa tambayata yake wace hanya ce ta fi kusa da rafin. Na rubuta masa sunayen garuruwan da zai bi. Ran kasuwa na raka shi tasha, da tabarmarsa da butarsa, ya nuna wa direba cikin saniyar, direban ya dube ni, ni na dubi ƙasa.

Ban sake jin labarinsa ba. Ban san ko ya tarar da mutane ba, ko kufai.

Ƙa'idar aikinmu, da ka gama bugu ka wanke siliki da kananzir, in ba haka ba fenti ya bushe ya kashe shi. Wannan ban wanke ba. Na rataye shi saman bencin, da 'yar takardar a manne. La'asar na yi sai in ga na matsar da gwangwanayen fenti daga kan bencin, sannan in tuna.