Katakon Baba a Bangon Gidan Cin Abinci

Mahaifina mai tsire ne a Agege, kuma cikin kayan sana'arsa babu abin da ya daɗe kamar katakon da yake yanka nama a kai. Icen ƙirya ne, faɗinsa bai wuce faifai biyu ba, da shi ya sauko daga jirgin ƙasa a tashar Iddo ta Legas tun kafin ya auri Inna. Wuƙaƙe sun ƙare an sake wasu, tebura sun ruɓe, katakon yana nan. Tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi saboda yawan yanka, sauran jikinsa kuwa duk sawun wuƙa ne, wani kan wani. Kullum idan ya tashi daga kasuwa sai ya kankare shi ya goga masa gishiri. Ko an rufe maka ido, ƙanshin kitse da yaji da ƙuliƙuli zai gaya maka inda aka jingine shi.

Da ɓarin jikin Baba ya shanye, magana ta tafi tare da hannun dama. Mutumin da ke cika layi da barkwanci ya koma sai kallo da huci. Abinci ma sai an yi fama. Inna ce ta gano dabara: wata rana ta ɗora masa katakon a cinya, sai ya shiga bin sawun wuƙar da yatsun hagu, yana sunkuyawa yana shinshinawa. Ranar ya shanye kununsa tas. Daga nan ya zama ba ya cin abinci sai katakon yana cinyarsa.

Ni a lokacin ina aiki a wani ofis a Ikeja, ina ji da kaina, ina ganin na waye. Wani abokin aikina ya haɗa ni da wata mata Bayerabiya mai aikin zane. Ba alƙalami take riƙewa ba. Tsofaffin katakan mahauta take nema, ta shafa musu tawada, ta shimfiɗa takarda mai kauri a kai ta danne, sai sawun wuƙar ya fito a jikin takardar. Ta zo gidanmu, ta durƙusa ta gaida Baba, ta daɗe tana kallon katakon. Na ji daɗin yadda ta kalle shi, ba zan yi ƙarya ba. A karo na farko na ga wani mai ilimi yana girmama abin da nake jin kunyar a gani a ɗakinmu.

A waje ta faɗa min gaskiya, har sau biyu.

"Oga, tawadata da mai ake haɗa ta. Idan ta shiga itace ba ta fita."

Na yi dariya. "Madam, mu da tawada muka tashi. Tun muna yara muke rubutu a allo muna wankewa."

A kaina tawada duk tawada ce: gawayi da ƙaro, ka zuba ruwa ta bi ƙwarya. Na yi wa Inna alkawarin kwana uku, na ce zai dawo kamar yadda ya tafi. Na ɗauke shi da azahar, Baba yana gyangyaɗi.

Kwana tara ya yi. A cikinsu Baba bai ci abin kirki ba, idonsa yana kan ƙofa. Ranar da na karɓo shi a naɗe cikin jarida, tun a cikin motar danfo na san akwai matsala, don warin da ke tashi ba na katakonmu ba ne. Ashe kafin tawada ta kama sai da ta wanke kitsen shekara arba'in da ruwan zafi da soda. Na buɗe a bayan gida, na tarar da shi baƙi ƙirin, har cikin ƙananan tsagu. Na sa sabulu, na sa soson ƙarfe, na sa kananzir, abin sai ƙara lalacewa yake. Na shafa masa kitse da yaji kamar mahaukaci, ko zan yaudari hancin tsoho.

Inna ta ɗora masa a cinya. Ya kai hannu ya shafa sau ɗaya, ya sunkuya ya shinshina. Sai ya ɗago ya dube ni. Ba Inna ya duba ba, ni ya duba, ya daɗe, sannan ya ture katakon da bayan hannu ya faɗi ƙasa. Bai sake yarda an kawo shi kusa da shi ba.

Wata huɗu ya ƙara a duniya. Ban ce katako ne ya kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma ni ne nake ba shi kunu a waɗannan watannin, na san cokali nawa yake karɓa kafin ya kau da kai. Inna ba ta taɓa tayar min da maganar ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Bayan shekara shida aka gayyace mu walimar wani maigidanmu a wani sabon gidan cin abinci a Ikeja, irin wanda sanyin na'ura ke dukan ka tun daga ƙofa. Bangon duk manyan takardu ne cikin gilashi, baƙi da fari. Ban kai ga zama ba na gane namu. Duk inda wuƙar Baba ta shiga ya fito fari, layi dubu kan dubu, kamar ruwan sama ta taga. Tsakiyar nan da ta lotsa, inda ya fi yin aiki, tawada ba ta kai ga takarda ba, sai wani fili fari fes ba komai a ciki. Na ga tsagin gefe, wanda aka yi ranar da katakon ya faɗo daga kan babur ɗin okada, amma ya koma ɗaya ɓangaren, don takarda juya abu take yi. Na kai hannu, sai santsin gilashi mai sanyi. Wata ma'aikaciya ta matso ta ce min cikin ladabi ba a taɓawa.

A ƙarƙashinsa aka zaunar da ni. Aka kawo tsire a farin faranti, an yi masa ado da ganye. Mutane suna ci suna hira, ni kuwa ƙeyata tana min nauyi kamar wani yana tsaye a bayana yana jiran na juyo. Ko tsinke ɗaya ban iya ci ba.

Da na koma Agege na gaya wa Inna abin da na gani. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Ya yi kyau?" ta tambaye ni.

Na so na ce mata a'a. "Ya yi kyau, Inna."

Ta ce, "To. Kada ka kai ni."

Ban kai ta ba, amma ni na koma, sau huɗu zuwa yanzu. Nakan nemi shayi kawai na zauna ina fuskantarsa. Ba laifin da na yi ne kaɗai yake damuna ba, wannan na daɗe da saninsa. Abin da ke ba ni tsoro shi ne, duk zuwan da na yi sai na ga ya ƙara kyau, kuma da za a mayar da ni azahar ɗin nan, Baba yana gyangyaɗi, ba zan iya rantsewa cewa zan bar masa katakonsa ba.