Labarin Bitrus da Kaka Ba Ta Ƙarasawa

A gidan hayarmu na Masaka, yamma ta Kaka ce. Baba yana gadi a wata ma'aikata cikin Abuja, Mama tana kasuwa, duk sai duhu ya yi suke dawowa. Shi ya sa aka ɗauko Kaka daga ƙauye ta riƙe mu, ni da ƙanwata Rifkatu. Takan hura gawayi a kurfoti ta jera masara, mu kewaye ta. Maigida take kirana, wai mijin da bai taɓa kawo cefane ba amma ya fi kowa loma. Tatsuniyoyinta na kura da zomo ne, mu yi ta dariya har maƙwabta su leƙo.

Labari ɗaya ne babu dariya a cikinsa, kuma sai Ista ta gabato take ba da shi. Ta ajiye mafici ta ce wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya amsa mata.

Daren da aka kama Yesu, in ji ta, almajiransa suka watse, sai Bitrus ya bi daga nesa har gidan babban firist. Ana sanyi, aka hura wuta a tsakar gida, ya raɓa cikin masu jin ɗumi. A nan Kaka takan miƙa hannuwanta kan garwashinmu, sai in ga kamar nasa ne. Wata baiwa ta ƙura masa ido ta ce ai shi ma na mutumin nan ne. Ya ce bai san shi ba. Aka sake tambaya, ya sake musu. A na uku har da rantsuwa.

"Ba wuƙa aka sa masa a wuya ba fa," takan ce. "Tambaya ce kawai, a gaban mutane."

Sai zakara ya yi cara, kamar yadda Yesu ya gaya masa tun farko cewa kafin cara zai yi musun saninsa sau uku. Yesu ya waiwayo ya dube shi, Bitrus ya fita waje yana kuka. Nan take tsayawa. In Rifkatu ta ce sai kuma me, Kaka ta ce sai wanke ƙafa a kwanta. Ni kuwa barci ya ƙaurace mini, domin a Masaka babu gidan da ba kaji. Da asuba ina jin cara sai gabana ya faɗi, in hau lissafa ƙaryar da na yi jiya.

Akwai wani abu kuma da nake gani ban gane ba. A cocinmu bencin baya na waɗanda dattawa suka sa a horo ne, ba sa cin jibin Ubangiji sai an maido su. Ba wanda ya hori Kaka, amma can take zama, kuma in an zo da gurasa da ƙoƙo sai ta sunkuyar da kai. Baba yakan ce ciwon gwiwa ne, ta fi son kusa da ƙofa.

Ina ɗan shekara goma sha biyu malamin makarantar Lahadi ya ba mu sauran labarin: bayan tashinsa daga matattu, Yesu ya sami Bitrus a bakin teku, ya gasa kifi ya ba shi, ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa har sau uku, ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Da gudu na dawo gida, ni da bakina ba ya ajiya, na ce wa Kaka ashe shekara da shekaru rabin labari take ba mu. Ba ta tsokane ni ba ranar.

"Na sani, Maigida," ta ce. "Shi wanda Bitrus ya yi wa laifi ya tashi ya dawo. Tawa ba ta dawo ba."

Ban san wace ce tata ba sai da na zama magidanci, Kaka tana kwance a asibiti a Gwagwalada. Ta sa kowa ya fita ban da ni. A ƙauye, in ji ta, ita da aminiyarta Saratu suna dafa burukutu a ɓoye, abin da coci ya hana. Tukunyar a gidan Saratu take, amma dawar ta Kaka ce. Da maganar ta fito, dattawa suka tambayi Kaka a gaban zumuntar mata ko ta san wani abu. Ta ce ita ko warinsa ba ta sani ba. Saratu ta dube ta, ba ta tona ta ba. Aka mayar da Saratu bencin baya, kuma kafin a maido ta zazzaɓi ya ɗauke ta. Wanda ya mutu cikin horo ba a kai gawarsa coci. Matan zumunta ba su yi mata ko waƙa ɗaya ba.

'Yar Saratu, Anti Ladi, tana Kubwa tana ɗinki. Kaka ta riƙe hannuna ta ce in je in faɗa wa Anti Ladi komai, in roƙa mata gafara. Na ce zan je. A kan wannan alkawarin ne, da fasto ya zo da jibin Ubangiji washegari, ta buɗe baki ta karɓa. Bayan kwana uku ta rasu, fuskarta a sake.

Na daɗe ina zaton darasin labarin shi ne kada a yi ƙarya. Yanzu na san Kaka tana gaya mana ne yadda abin yake da sauƙi: mutum yana ƙaunar Ubangiji da gaske, amma ido ɗaya ya ishe shi ya ja da baya. Na gaskata akwai gafara, ban taɓa shakka ba. Hanyar zuwa wurinta ce take ba ni tsoro.

Na je Kubwa. Anti Ladi ta rungume ni tana kuka, ta ce Kaka ce kaɗai ta wanke gawar uwarta lokacin da kowa ya guje su. Ta zuba mini tuwon acca, sannan ta tambaya ko Kaka ta bar mata wani saƙo. Na ce gaisuwa kawai. Bara na koma da niyya, ta sake tambaya, na ce babu komai, Anti.

Sau biyu ke nan. Jiya ta kira ni a waya, ta ce idonta ya fara rauni, in zo ranar Lahadi mu yi hirar tsofaffinmu.