Inna, Allurar Jarirai da Ƙayar Ƙurungu

"Ba mai tsira ma jikana allurar nan ina raye!"

Inna ce, mahaifiyata. Daga Argungu ta zo gidanmu a unguwar Badariya ganin jaririnmu, sai ta ji wai allurar tarin fuka da ake yi wa jarirai, ƙwayar cuta ce mai rai a cikinta. Tarin fuka ne ya kashe Babanmu, kuma ita ta yi jinyarsa. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna da wannan jinyar, na fasa.

Ƙanwata Hauwa'u, mai karatun ƙwayoyin cuta a jami'a, ta matso kusa da ita.

"Inna, gaskiya ne da ranta. Amma ƙwayar da ta kama Baba tana da wani ɗan bututu da take fesa dafi da shi, ta huda naman jiki. Ta allurar kuwa ta rasa guntun gadon halittar da ke gina bututun. Jiki zai gan ta, ya gane ta, ita ko ba ta da abin huda."

Inna ɗiyar masunta ce. Ta daɗe tana kallon yaron.

"Kamar kifin nan ƙurungu da anka karye ma ƙaya ke nan?"

"Haka nan, Inna."

Washegari ita ta riƙe shi a asibiti. Yaro ya tsala ihu ya yi shiru, Inna ce hawayenta suka ƙi tsayawa.

Ashe gardamar tsofaffinmu wani lokaci makoki ne da bai ƙare ba. Ku wa kuka taɓa lallashi haka a gida?