Baƙon Ƙarfe Bakwai

Yayana gyaran kwamfuta yake yi, shekara talatin ke nan a shago ɗaya, kusa da mai ɗinki. Injiniya ake ce masa. Hannunsa na da albarka, bakinsa kuwa sai addu'a. Da bakin nan ya kori ɗansa ɗaya tilo, a kan wata magana da ba ta kai ta kawo ba. Ya ce masa kada ya sake taka masa gida, ɗan kuwa, da yake barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ya ɗauki jakarsa ya canza lambar waya. Shekara shida ko labarinsa babu.

Ƙarƙashin teburin Yaya akwai wata tsohuwar kwamfuta mai ƙugi kamar tsohon firji, yana kiranta saba. Shi da ɗan suka haɗa ta tun ana zaman lafiya, don shagon ya samu shafi a intanet. Ya taɓa yi min bayani: shafin ba a ajiye yake ba. Sai wani ya buga adireshin, sannan wasu 'yan layukan umarni su tashi su haɗa masa shi sabo fil, kamar mai shayi da ba ya haɗawa sai an zo an zauna.

Da ɗan ya tafi, Yaya ya cire farashin gyara ya sake rubuta layukan. Yanzu shafin kwanakin tafiyar yake ƙirgawa, ya ɗora saƙon da Yaya ya rubuta wa ɗan a safiyar ranar. Yau ƙafa ta yi sauƙi. An gyara rufin ɗakinka. Ka yi haƙuri. Mutumin da bai taɓa ba kowa haƙuri da baki ba.

Sabar tana rubuta duk wanda ya leƙo, kuma kullum ƙarfe bakwai na safe akwai baƙo ɗaya. In na kai masa abinci sai ya juyo min allon.

"Kin gani? Yau ma ya zo."

Ni dai raina bai kwanta ba. Wane ɗan adam ne ba ya makara ko da minti ɗaya? Na ja 'yata da ta karanci kwamfuta, ta duba lokacin da Yaya ya zagaya bayi. Sai ta nuna min wata ƙaramar na'ura a kan kantar shagon.

"Mama, daga nan ne. Ita ke ƙwanƙwasawa kullum, ta ga ko sabar na aiki."

Ta roƙe ni in yi shiru. Ina fa, bakin gidanmu gado ne. Yana dawowa na ce, "Yaya, ka daina yaudarar kanka. Baƙon nan naka ga shi can a kan kanta."

Bai ko ɗaga kai ba.

"Na sani. Ni na sa ta."

"To me ya sa kake ce min ya zo?"

"In ba wanda ya nema, shafin ba ya haɗuwa. Maganata ba ta ko fitowa daga inda na ajiye ta." Ya goge tabarau da bakin riga. "Kuma in na faɗa miki ya zo, nakan ji daɗi kamar na minti biyu."

Ya miƙa hannu ya zare wayar na'urar, ya naɗe ta tsaf ya sa a aljihun tebur.

Wallahi da ana mayar da magana ciki, da na haɗiye tawa. Na ba shi haƙuri, na ce ya mayar, ya ce ai ta riga ta gama amfani.

Wata takwas ke nan. Har yanzu yana rubuta saƙonsa kowace safiya kafin ya taɓa aikin kowa. Ya rame, ya daina faɗa da mai ɗinki. In na kai abinci ba ya juyo min allon, amma nakan leƙa ta bayan kafaɗarsa. Ba wanda ya zo.