Yadda Rakiya Ta Mayar da Hannun Kyauta

Duk wanda ya taɓa cin masa da miyar taushe a Durumi ya san Rakiya, ya kuma san bakinta. Shekara ashirin ke nan tana tuya a gindin mangwaro ɗaya, tun da ta biyo mijinta Manniru mai ga-ruwa daga wani ƙauye na ƙasar Zariya. Mace ce mai faɗa, amma ba ta iya ganin mutum da yunwa ta kau da kai.

'Yarta guda ce, Surayya, kuma da huji a zuciya aka haife ta. Tun tana goye ba ta shan nono ta ƙoshi, sai ta saki tana haki, gumi na tsattsafo mata a goshi. Ta tashi siririya kamar sillen kara. Zaryar asibiti ba ta ci wa Rakiya rai kamar maganar masu sayen masa ba: "Mai masa, yarinyar nan ba kya ba ta abinci ne?" A ce 'yar mai abinci ce da rama! Ta sha juya baya ta share hawaye da bakin zani, ta ce hayaƙi ne.

Surayya na da shekara shida aka yi mata tiyata aka toshe hujin. Ta dawo da tabo a ƙirji, sai layin ya mai da ita 'yar kowa. Rakiya ta rantse ba mai sake yi mata gori. Masar farko ta Surayya ce, da man shanu da sukari. Zakariyya mai shayi yana haɗa mata mai kauri da burodi, Felicity, 'yar Filato mai kanti a gefe, kullum da lemon kwalba da biskit. Ba shara, ba ɗaukar bokiti. In yarinya ta tashi a guje, layi gaba ɗaya ya ɗau ihu: "Zuciya! Zuciya!" Kumatu suka fito, Rakiya ta yi hamdala, har takan kira ta gaban baƙi don dai a gani.

A shekara goma sha biyar Surayya ta haura kilo tamanin. Wata rana suna hawa gadar masu ƙafa ta tsaya a tsakiya, ta riƙe ƙarfe tana haki. Rakiya ta san wannan hakin, sai ta wuce da ita asibiti.

Likita Nazeefa, wadda ke duba yarinyar, ba ta yi kwana-kwana ba. "Mama, gyaran da aka yi yana nan lafiya. Amma kun ɗora wa zuciyar kayan da ya fi ƙarfinta, jininta ya fara hawa. In aka ci gaba haka za ta gaji. Su wa ke ba ta abinci?"

Rakiya ta fara lissafi da yatsu, yatsun suka ƙare mutane ba su ƙare ba.

Rage mai a tukunya abu ne mai sauƙi. Wuyar ita ce ba a mayar da hannun kyauta baya, balle na maƙwabcin da ya tsaya maka ranar wuya. Duk da haka Rakiya ta yafa mayafi ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Zakariyya ya ɓata rai. "Shekara tara ina ba ta shayi, yau kuma ni ne mai cutar ta?"

Felicity ta tafa hannu. "Haba Mama Surayya, wannan yarinya shi ne pikin namu duka, ɗan kowa ne. Small biskit kawai fa!"

Rakiya ta ce, "Small naki, small na Zakariyya, small nawa, su suka taru suka zama buhu. Mai son ya ba ta wani abu, ya raka ta tafiya."

Aka ce rowa ta kama ta. Wasu sun yi mako ba su gaishe ta ba, Surayya ma ta yi ta kumbure-kumbure. Rakiya ta shanye duka, ta koma cin abin da 'yar ke ci: ɗan tuwo, kwaɗon zogale mai yawa, ruwa. Ta miƙa mata tsintsiya da hannunta, ranar kuwa ta fi yarinyar jin zafi. Felicity ce ta fara saukowa. Bayan la'asar takan rufe kanti ta ja Surayya su zaga unguwa a hankali yadda likita ta ce, tana mita tana tafiya.

Bayan shekara ɗaya da rabi Surayya na haye gadar nan ba tsayawa, likita kuma ta ce jinin ya sauka. Wata safiya ta iso da robar ƙullu a ka, sai ga Oga Simon, wani direba tsohon mai sayen masa da aiki ya kai Lakwaja, ya dawo. Ya ƙare mata kallo.

"Ah ah, mai masa! Wannan Surayya ne? Ya rame fa. Ba ka ba shi abinci?"

Aka juyo ana kallonta, don kowa ya san abin da maganar nan ta taɓa yi wa Rakiya. Ta juya masar da ke tanda, ta ɗago tana murmushi har kunne, ta ƙara masa gyara guda biyu.

"Ba na ba ta, oga. Sake faɗa da ƙarfi, Zakariyya bai ji ba."